Kafin Ki Goge Layin Wani

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali a duk lokacin da kika buɗe ta. Allah Ya kai ki Kaduna lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya sa ki shiga wannan aiki da ƙafar dama.

Ummi, tun ranar da kika zaunar da ni da innarki kika yi mana bayanin aikin da aka ɗauke ki, nake ta murmushi ni kaɗai a gona. Kin ce a gidan yin katun ɗin ba za su fara ba ki zane ba. Masu zane za su zana labarin a takarda, gida bayan gida, wato hoto bayan hoto, ke kuma ki ɗauki takardun da sikana, injin ɗaukar hoton takarda, ki shigar da su kwamfuta, ki tsabtace su, ki jera su, ki miƙa wa masu sa musu motsi. Na lura da yadda kika sassauta murya da kika zo nan, kamar kina jin kunyar ƙanƙantar aikin. Innarki ta ce, "To, wanki da guga ke nan za ki yi wa zanen mutane." Kika yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na yi wannan aikin da hannuna, kin sani, amma kina ƙarama sosai a lokacin. Abin da kika sani shi ne Baba ya taɓa yin majigin gyaɗa wanda har yau ake tsokanarsa da shi a kasuwa. Ba ki san ɓarnar da na tafka kafin a kai ga haska shi ba. Ita nake so in ba ki guzuri, domin abin da na iya kin riga kin fi ni iya shi. Inda na yi tuntuɓe ne kawai ba ki sani ba.

A shekarun da nake koyarwa a sakandare a Ɗanbatta, ni aka damƙa wa ɗakin kwamfuta, don ni ne na fi kowa rashin tsoron taɓa ta. Wata ƙungiyar manoma ta yankinmu ta zo da damuwa. Gyaɗa tana yin fumfuna a buhu, masu saye suna mayar da ita, yara kuma suna cin ta lalace suna ciwo. Dalilin sananne ne: ana zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba. An yi ta faɗa a taro ba a ji ba, sai suka ce a gwada ɗan gajeren katun da za a riƙa haskawa a ƙauyuka. Muka zama mu uku. Malam Shatima, wanda kike kira Baba Shatima, shi ne mai zane. Sana'arsa rubutun allon shaguna da zanen jikin manyan motoci, kuma kakanninsa da namu tare suka taso daga Barno. Akwai Nasiru a Kano, wanda zai sa wa zanen motsi. Ni kuma ina tsakiya, ina karɓa daga hannun wannan in gyara in miƙa wa wancan.

Ranar da Malam Shatima ya kawo mini takardun, ranar kasuwa ce, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Hankalina yana kan geron da ban gama yi wa noma ba a Makoda. Na ɗaga murfin sikana na yi ta jefa takardu ina dannawa. Ban goge gilashin ba. Ban tsaya na daidaita bakin takarda da bakin gilashi ba. Da na ga injin yana jan jiki, sai na rage masa ƙarfin ɗauka don ya yi sauri. A fuskar kwamfutata komai ya fito tsaf, na tura wa Nasiru, na hau babur ina jin na yi aikin kirki.

Washegari ya kira ni. Mutum ne mai ladabi, sai da ya gama tambayar iyali da gona sannan ya ce, "Malam, wannan baƙin tabon da ke goshin kowa, na labarin ne?"

Na ce, "Wane tabo?"

Ya ce, "Manomin yana da shi, matarsa tana da shi, har jakin ma yana da shi. Kuma in na ƙara girman hoton, layukan suna kakkaryewa kamar matakalar bene. Wasu gidajen kuma sun karkace, rumbun kamar zai faɗo wa mutum."

Na koma na duba gilashin. Ɗan ɓawon gyaɗa ne, na wadda nake ci ina aiki, ya manne a wuri ɗaya ya shiga kowane hoto. Dole na sake komai daga farko, Nasiru kuma ya yi asarar ranakun da ya ware mana.

Saboda haka, Ummi, ki goge gilashi kafin ki ɗora takardar farko, ki kuma riƙa duba shi kina cikin aiki. Ki daidaita kowace takarda da hannu biyu. Ki ɗauka da ƙarfi sosai ko da injin zai yi ta nishi, domin babban hoto ana iya rage shi, ƙarami kuwa ba ya ƙaruwa sai ya lalace. In kin ɗauki ta farko, ki ƙara girmanta ki bi layukan da ido kafin ki ɗora ta biyu. Ɗan jinkirin nan shi ne saurin gaske. Kuma kada ki ci komai kusa da injin.

Da na sake ɗauka, sai na ce bari in wanke laifina da ƙwazo. A nan na yi ɓarnar da ta fi ta farko, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Malam Shatima da fensir yake zane, takardunsa cike da dishi-dishin layuka. Na ƙara wa hotunan haske har farin takarda ya zama fari fat, baƙi ya zama baƙi ƙirin. Duk layin da bai yi ƙarfi ba ya ɓace. Akwai wani gida inda matar manomin take juya gyaɗa a kan tabarma. Na ga ya yi mata hannuwa har uku a gefe ɗaya, ɗaya mai kauri, sauran sirara da ƙyar ake ganinsu. Na ce a raina, tsoho ya yi kuskure ya manta bai goge ba. Na goge masa. A gefen kowace takarda kuma akwai 'yan kibiyoyi da ƙananan rubutun ajami. Na ɗauka lissafinsa ne na shago, na yanke gefen gaba ɗaya don hoton ya yi kyan gani. Sannan na adana gyararren a kan ainihin wanda na ɗauka, na asalin ya tafi.

Nasiru ya yi aiki da abin da na ba shi. Da ya turo gwaji, na kira Malam Shatima ɗakin kwamfuta ina ɗokin ya yaba. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa ya kalla har ƙarshe. Matar tana tsaye ƙiƙam a kan gyaɗa kamar an dasa ta.

Ya ce, "Bukar, ina hannuwanta?"

Na ce, "Ga shi nan, Malam. Na cire waɗanda suka yi yawa."

Ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin, ya sunkuya kamar mai juya shanya. Ya kai hannu gaba, ya tsaya. Ya jawo shi tsakiya, ya tsaya. Ya kawo shi baya. Ya ce, "Nan ta fara, nan ta bi, nan ta ƙare. Hannu ɗaya ne. Na zauna a tsakar gida ina kallon mai ɗakina tana yi kafin in zana. Rubutun gefen kuma na Nasiru ne, ina gaya masa inda za a yi a hankali da inda za a matso kusa."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Malam, na ɗauka kuskure ne."

Ya ce, "Shagona yana bayan tasha. Da ka aiko an tambaye ni."

Maganar ke nan gaba ɗaya. Tsakanina da shagonsa tafiyar ƙafa ce, amma na zauna na yanke hukunci a kan aikin mutum ban tambaye shi ba. Ban tambaya ba ne don ina ganin ni ne mai kwamfuta, kuma tsabta ita ce aikina.

Ki riƙe wannan da kyau. Aikinki shi ne ki cire dattin da takarda da inji suka ƙara: ƙura, inuwa, zanen yatsa, lanƙwasar takarda. Abin da hannun mai zane ya sa, ko ya yi miki kama da kuskure, ba naki ba ne. Ki tashi daga kujera ki je ki tambaye shi. In ba ya nan, ki bar layin, ki yi alama. Kada ki yanke gefen takarda sai kin karanta abin da ke wurin, kuma ki ajiye shi a inda mai motsi zai gani. In za ki ƙara haske, ki ƙara kaɗan-kaɗan idonki yana kan layin da ya fi kowanne rauni, da zarar ya fara dushewa ki tsaya. Abin da kika ɗauko daga sikana kuma ki ajiye shi a folda ta daban, kada ki taɓa shi har abada. Ki yi kwafi ki yi aiki a kansa. Ni na yi sa'a takardun suna hannuna, na sake ɗauka. Wata rana za a karɓe takardun a tafi da su wani gari, abin da kika adana shi ne kawai zai rage.

Daga nan aiki ya miƙe. Na koyi raba mutum da bayansa, wato in ware matar a shimfiɗa ɗaya, tsakar gidan a wata, yadda Nasiru zai motsa ta ba tare da rumbu ya bi ta ba. Malam Shatima ya riƙa zuwa yana zama kusa da ni, yana nuna mini da bakin fensir, ni kuma ina nuna masa yadda zanensa yake komawa in an ƙara masa girma. Har ya fara danna layinsa da ƙarfi a inda ya san injin yana wahalar gani. Waɗannan ranaku suna cikin mafi daɗin da na yi a wurin aiki.

Amma akwai sakacin da na raina, shi ne sunayen fayil. Kowane hoto da sunan da ya zo mini a baki nake adana shi. Wannan "shanya", wancan "shanya sabo", wani "buhu gyararre", wani "na ƙarshe", wani kuma "na ƙarshe na gaske". Ni na san abin da nake nufi, ko kuma ina zaton na sani. Na tura wa Nasiru su a tare, kwamfutarsa ta jera su yadda ta ga dama, shi kuma ɗan birni ne, bai taɓa cirar gyaɗa ba. Da ya turo aikin, na duba farkonsa na ga ya yi kyau, ban kalla har ƙarshe ba.

Aka shirya gwajin farko a filin wata firamare a Kunci bayan magariba. Shugabannin ƙungiya sun zo, Nasiru ma ya zo daga Kano, mata sun zauna a gefe guda, aka tayar da janareta aka haska a bango. Mutane suka yi ta murna da jakin. Aka ciri gyaɗa, aka tsinke ta. Sai ga manomi yana ɗura ta a buhu yana ɗinkewa. Bayan haka ne aka nuno matarsa tana shanya, ba a san ma me take shanyawa ba. Kafin in gama gane abin da ya faru, sai na ji wata mata a bayana tana ce wa 'yar'uwarta, "Kin gani ko? Ashe daidai muke yi. Ana cirewa sai buhu."

Mun zo gyara abu, ga shi mun buga masa hatimi a bango, a gaban mutanen da 'ya'yansu ke cin gyaɗar. Shugaban ƙungiya ya juya yana neman Nasiru da ido, na ji ana cewa ai yaran birni ba su san komai ba. Nasiru ya sunkuyar da kai. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin da ido bai zo kaina ba, har na ɗan gyara zama. Sai na ga ba zan iya haɗa ido da shi gobe ba. Na tashi na sa aka tsayar da majigin, na tsaya a cikin hasken na ce, "Jama'a, a yi haƙuri. Ni na hautsina jerin, ba mai haɗawa ba. Shanya ce kafin buhu, sai gyaɗa ta bushe har tana ƙara in an girgiza ta." Aka yi mini dariya sosai. Wani ya ce malamin makaranta ya sa wando kafin ya yi wanka. Daga ranar ne sunan Malam Buhu ya bi ni.

Ki ba kowane gida lamba tun a takarda, kafin ya hau gilashi: lambar fage, sannan lambar gida, da sifili a gaban ƙananan lambobi don kwamfuta ta jera su daidai. Ki tambayi tsarin sunayen da gidan katun ɗin yake bi, ki bi shi ko da kina ganin naki ya fi. Suna ba don ke ake sa shi ba, don wanda zai buɗe ne ba kya nan. Kafin ki miƙa aiki, ki kalle shi daga farko har ƙarshe kamar baƙuwar da ba ta san labarin ba. In kuma kuskure ya fito naki ne, ki faɗa da bakinki tun ba a ɗora wa wani ba. Zafin dariyar da aka yi mini ya wuce a mako guda, Nasiru kuwa har yau in ya zo Ɗanbatta sai ya ƙaraso Makoda ya gaishe ni.

Muka gyara jerin, aka koma Kunci aka sake haskawa, daga nan aka zaga ƙauyuka. Ba zan ce mun canza duniya ba, amma na ga tabarmin shanya a gidajen da a da ƙasa ake zubawa, na kuma ji yara suna girgiza gyaɗa a kunne suna kwaikwayon matar katun. Wannan ya ishe ni.

Saura abu ɗaya, kuma shi ba a iya gyara shi ba. Da aka gama, na zuba takardun Malam Shatima a kwali na tura ƙarƙashin tebur a sito na makaranta. Ina cewa zan kai masa, yau da gobe har aka yi mini canjin wurin aiki. A ganina aikin yana cikin kwamfuta, takarda ta gama amfaninta. Bayan shekaru, yanar ido ta rufe masa gani, ya daina zane. Na je gaishe shi, muna zaune a zaure ya ce, "Bukar, takardun nan na gyaɗa, ka kawo mini in nuna wa jikoki. Ba su yarda na taɓa yin fim ba."

Na tafi makarantar na sa aka buɗe sito. Gara ta gama da kwalin, abin da na ɗago ƙasa ce da 'yan guntaye. Allah Ya taimake ni ina da hotunan asali a filashi da kuma wurin Nasiru. Na buga su a takarda mai kyau na kai masa, na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Jikoki suka kewaye shi suna ta nuna jaki. Shi kuwa ya ɗora takarda ɗaya a cinya yana shafa ta da yatsa, yana neman wani abu. Can ya ce, "Sumul take. A tawa ina jin inda fensir ya bi." Sannan ya ce, "Ba komai, yara sun gani. Allah Ya yi albarka." Ya yafe mini nan take, amma na san abin da na hana shi, domin a lokacin yatsunsa ne idanunsa.

Takarda amanar mai ita ce. Ki wanke hannu kafin ki taɓa ta, kada ki naɗe ta, kada ki ɗora kofi a kanta. Kina gamawa ki jera ta yadda aka ba ki, ki mayar hannu da hannu. Abin da ke kwamfuta kuma ki ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, don inji ba ya sallama in zai mutu.

Sauran maganar kin san ta. Ki tsare sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Gidan gwaggonki da za ki sauka a Kaduna gidanki ne, ki taya ta aiki kada ki zama baƙuwa, in za ki yi yamma a ofis ki sanar da ita. Ki riƙa ɗauke ido daga gilashin kwamfuta kina duban nesa, ido ba shi da na canji. Za ki haɗu da waɗanda suka fi ki iyawa da waɗanda suka fi ki surutu, ki koyi bambanta su. Kuma kada ki daina zanenki. Ki riƙa yi a gida ko kaɗan ne. Duk zanen gidan nan ta hannunki zai bi kafin ya motsa, za ki ga yadda kowane gwani yake jan layinsa tun ba a gyara ba. Mutane suna biyan kuɗin makaranta ba su sami wannan ba. Ba ni da shakka ranar da za a ba ki fensir tana zuwa, kuma za ta same ki a shirye.

Innarki ta sa miki ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa a ƙaramar jaka, ta ce rabi na gwaggonki ne, kada ki kai wa 'yan ofis duka. Ni zan kai ki tashar Ɗanbatta a babur da safe. In kin ga na tsaya ina ta yi wa direba magana a kan taya da gudu, ban juyo na yi miki doguwar sallama ba, kada ki ɗauka wani abu ne. A gaban mutane iyakar abin da zan iya ke nan. Na yarda da tafiyar nan da zuciya ɗaya, na kuma yarda da ke.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa hannunki ya zama mai gyara. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bukar